Darasi na Goma Sha Huɗu: Ɗora wa Keke Injin Fetur

Duk wanda ya taɓa tuƙo keke daga ƙauye zuwa kasuwar Tambuwal a tsakiyar bazara, buhu a kariya, iska tana tura shi baya, rana tana dukan ƙeya, ya san tunanin da ke faɗo wa mutum idan ya iso gindin hawa: ina ma keken nan yana da inji. Tunanin ba na ragwaye ba ne, kuma ba yau aka fara shi ba.

A shekarar 1946, bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya bar ƙasar Jafan cikin kunci, wani makanike mai suna Soichiro Honda a garin Hamamatsu ya samu wasu ƙananan injuna da sojoji suka bari, waɗanda a da suke ba rediyon soja wuta. Ya ɗaura ɗaya a jikin keke, ya yi masa tanki da gwangwanin da ake zuba wa ruwan zafi don ɗumama shimfiɗa lokacin sanyi. Injunan kusan 500 ne, da suka ƙare sai ya fara ƙera nasa. A 1948 ya kafa kamfanin Honda. Babur ɗin da kamfanin ya fitar a 1958, Super Cub, shi ne kakan roba-robar da ke yawo a titunanmu, kuma zuwa 2017 an ƙera guda miliyan 100. A wannan shekara ta 1946 dai Faransawa suka fara sayar da VéloSoleX, keke mai inji a saman tayar gaba, a Italiya kuma kamfanin Ducati ya fara ƙera wani ɗan inji na liƙa wa keke mai suna Cucciolo, wato ɗan kwikwiyo. Dukansu rashi ne ya haife su. Mutane suna da keke, ba su da kuɗin mota.

Mu ma rashin ne ya kawo mu wannan darasi. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin mai, litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta tsallake 1,000. Kuɗin kabu-kabu ya bi ta, sabon babur kuwa ya fi ƙarfin aljihun mafi yawan manoma. To amma kada wani ya shiga aikin nan da zaton zai tsira daga gidan mai. Keke mai inji yakan yi kamar kilomita 40 da lita guda, babur ɗin Boksa mai lafiya kuma yana yin haka, har ya fi. Ribarsa tana wani wuri: kuɗin haɗa shi bai kai na babur ba, mutum ɗaya na iya ciccibarsa ya tsallake kwazazzabo ko ya sa shi a kwalekwale, kuma ranar da mai ya ƙare a tsakiyar daji sai ka kama kuloci ka tuƙa abinka da ƙafa zuwa gida. Mai Boksa sai turi.

Abin da ke cikin kwali

Injin da aka fi ɗora wa keke a yau ƙirar Sin ne, ana sayar da shi da kayansa cikin kwali ɗaya. Ba kowane shago ke ajiye shi ba, akan yi saƙonsa daga manyan kasuwanni ko a saya ta intanet. A ciki za ku tarar da injin kansa, da tanki mai cin kusan lita biyu, da kafireta, da fulogi, da salansa, da ɗan baƙin akwatin wuta da makanikai ke kira si-di-ai, da hannun totur, da hannun kuloci, da sarƙa mai kauri, da babban faranti mai haƙora 44 wanda ake ɗaurawa a ƙafar baya, da wata 'yar taya mai ɗame sarƙa. Duka nauyinsu kamar kilo goma ne.

A jikin kwalin akan rubuta 80cc. Wannan lamba tana nufin girman cikin silinda, inda fistin ke hawa da sauka. Idan aka auna, mafi yawansu 66 ne ko 69, tamanin ɗin ta talla ce. Akwai kuma ƙaninsa mai 48. Ke nan girman babban kusan ɗaya yake da na ɗan janaretan nan Tiger da ake cajin waya da shi a rumfunan kasuwa, wanda yake 63, kuma halinsu ɗaya, kamar yadda za mu gani idan mun zo kan mai.

A kowane aji sai an samu mai tambaya ko injin ban-ruwa zai yi, tunda a fadamun Kebbe da Kuchi ba a rasa wanda ya tsufa a ajiye. Amsa ita ce a'a. Wancan inji ya kai 160cc, nauyinsa kamar kilo 15, ƙarfinsa ya ninka na wannan. Zai tafi da keken, amma ba keken da zai tsayar da shi. A bar shi ga shinkafa da albasa.

Zaɓen keke

Ɗora inji aikin yini ɗaya ne. Abin da ke cin lokaci da tunani shi ne keken, domin shi an ƙera shi ne daidai ƙarfin ƙafar ɗan'adam. Inji ya ninka ƙarfin ƙafarka fiye da sau goma, ga girgiza wadda ba ta tsayawa. Duk inda keke yake da rauni, girgizar nan sai ta nemo wurin.

Keken da ya fi dacewa shi ne wanda ake kira na hawan dutse, mai giya da kaurin taya, irin wanda ke zuwa mana a gwanjo. A Kalifoniya ta Amurka aka fara haɗa irinsa a shekarun 1970 don gangarowa daga duwatsu, shi ya sa yake jure burji da yashi fiye da siririn keken tsere. Amma ba kowanne ba. Wanda ke da sifirin a tsakiyar jikinsa, mai lotsawa idan an hau, ku kauce masa: ba shi da fili a tsakiya, kuma duk lokacin da ya lotsa tsawon sarƙa sai ya canza. Wanda ake so shi ne mai firam irin na da, bututu uku da suka haɗu suka yi kusurwa uku, ƙafarsa inci 26, da filin da ya kai taƙi ɗaya da 'yan yatsu tsakanin gindin feda da bututun sama. Bututun kuma ya kasance zagayayye, kaurinsa milimita 25 zuwa 29, don baƙin maƙallan injin a wannan awo aka yi su.

Ƙarfe ake so, ba alminiyam ba. Ƙarfe yakan lanƙwasa ya ba ka gargaɗi, idan ya tsage mai walda na bakin tasha zai ɗinke shi. Alminiyam kuwa shiru yake yi har ranar da zai karye gaba ɗaya, kuma waldarsa sai an je birni. Fenti yana ɓoye bambancin, don haka idan za ka kasuwa ka sa mayen ƙarfe a aljihu, ko na tsohuwar sifikar rediyo ne. Ka manna shi a jikin bututu. Idan ya kama, ƙarfe ne.

Ni da tsohon keken gidanmu na fara, irin baƙin nan mai ƙafa inci 28 da birkin sanda, ɗan gidan su Raleigh da Phoenix. Ina alfahari da shi, don na san irinsa ya yi suna a ƙasar nan har kamfanin Raleigh ya taɓa kafa masana'anta a Kano. Na kai shi rumfar wani dattijo mai gyaran keke a bakin titin da ya fito daga Sakkwato ya nufi Jega. Ya durƙusa, bai ko dubi injin ba, ya sa yatsa yana bin ƙafar baya.

"Malam, wanga keke ba shi ɗaukar farantin ga," in ji shi.

Na ce, "Baba, me ya hana? Ai ya fi na yaran nan ƙwari."

"Ƙwari shina da shi. Ƙidaya wayoyinai."

Na ƙidaya, arba'in. Farantin kwali ramuka tara gare shi, an yi su ne don ƙafa mai waya 36, kowane noti ya faɗa bayan waya huɗu. Tara sau huɗu, talatin da shida. A ƙafa mai waya arba'in ramukan ba sa faɗawa daidai, sai an danne wasu wayoyin, wayar da aka danne kuwa ita ce farkon tsinkewa. Da yawa daga cikin tsofaffin kekunan nan haka suke, 32 a gaba, 40 a baya. Sannan ya matsa birkin sandar ya tura keken da hannu ɗaya, keken ya tafi. Bai ƙara cewa komai ba.

Saboda haka kafin a kwance kwali, a gyara keken tukuna. A ɗaure duk wayar da ta saki, a miƙe rim, a sa sabon boris da giris a cibiyar ƙafa biyu, a sa sabbin robobin birki gaba da baya. Taya kuma a sa mai kauri, a shimfiɗa tsohon tib a cikinta, don ƙayar aduwa da ta ƙaro ba su san keke mai inji ba, fashewar taya a guje kuma ba irin ta mai tafiya a hankali ba ce.

Faranti da sarƙa

Nan ne aikin yake, nan kuma ake yin ganganci. Keken zai kasance da sarƙa biyu: tasa ta asali a dama, ta inji a hagu. Farantin hagu ba a cibiya yake ɗaure ba, a jikin wayoyi yake, an matse su tsakanin roba biyu masu kauri, ɗaya a ciki ɗaya a waje, da ƙarafa masu siffar jinjirin wata a bayan ta ciki. Ke nan duk ƙarfin injin ta wayoyin nan yake bi kafin ya isa ƙasa.

Ka cire ƙafar baya ka kwantar da ita a kan tabarma. Ka tsaga roba ɗaya ka zura ta ciki, ka ɗora ɗayar a waje, ka ɗora faranti, ka zura notuna tara ka ɗaura su da hannu kawai. Daga nan sai ka mayar da ƙafar, ka kifa keken a kan sirdi, ka riƙe alli kusa da bakin haƙoran, ka juya ƙafar a hankali. Inda allin ya taɓa, nan ne farantin ya fito. Ka ɗan buga shi ya koma, ka sake juyawa. Abu biyu kake nema: kada ya riƙa hawa da sauka, kada kuma ya riƙa rawa hagu da dama. Sai ya daidaita sannan ka fara matsewa da sifana, kuma ba a jere ba. Ka matsa wannan kaɗan, ka tsallaka ga na gabansa a ɗaya gefen, ka dawo, kamar yadda makaɗi ke jan tsarkiyar ganga don fatar ta miƙe daidai. Aikin nan yana iya cin awa guda. A bar shi ya ci. Farantin da ya karkace da milimita biyu zai riƙa ɗame sarƙa yana sakinta sau ɗaruruwa a minti, har ta gaji ta tsalle.

Bayan an zaunar da inji, a ɗauki zare a miƙa shi daga ƙaramin farantin inji mai haƙora goma zuwa babban na baya. Dole su kasance a layi ɗaya. A rage sarƙa daidai tsawonta, a bar mata sassauci kamar faɗin yatsa ɗaya idan an danna ta a tsakiya. Makullin sarƙa, ɗan ƙarfen nan mai kama da kan kifi, rufaffen bakinsa ya dubi inda sarƙar take tafiya, don kada wani abu ya kama buɗaɗɗen ya fizge shi.

Sai 'yar tayar ɗame sarƙa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ana maƙala ta ne a siririn bututun da ke gefen ƙafar baya, tazararta da wayoyi ba ta wuce yatsa biyu ba. Idan ta saki, sarƙa takan ja ta ta juya ciki. Ni ta yi mini a hanyar Kebbe, da la'asar, a wurin da ba kowa sai garken shanu can nesa. Na ji ƙara kamar an yaga tabarma, ƙafar baya ta ƙame, na tsinci kaina a ƙasa. Waya bakwai ta tsinke. Allah ya sa yashi ne kuma ba gudu nake ba, gwiwa kawai na kurje, amma keken a kafaɗa ya koma bakin titi. Notunan da suka zo da ita laushi gare su kamar dalma, na kuwa ga haka tun ranar ɗaurawa na ƙyale. Tun daga nan ba na yarda da ita sai an canza mata notuna masu ƙarfi, an kuma sa mai walda ya ƙara mata wani ƙarfe da zai riƙe ta a bututu na biyu, ta yadda ba ta da hanyar juyawa.

Zaunar da inji

Injin yana zama a cikin kusurwar ƙasa, maƙalli ɗaya a bututun sirdi, ɗaya a bututun gaba. Kowannensu ya rungume bututun sosai, ba gibi. Akwai masu naɗa tsohon tib a tsakani wai don rage girgiza. Kada ku yi. Roba tana ba injin damar motsi, motsin kuma shi ke karya kusoshin. Kada kuma a huda firam. Idan bututun ya yi kauri, a sa maƙalli mai siffar baka. Kusoshin da suka zo a kwali gara a canza su tun farko da waɗanda aka buga wa lamba 8.8 a ka, a sa musu wasa mai tsaga ko noti biyu-biyu.

Kafireta ta zauna kusan a miƙe, in ta karkata da yawa za ta riƙa ambaliya ko ta riƙa yunwa. Tanki a bututun sama, tiyo ya gangaro ba tare da ya taɓa silinda ba, a sa masa 'yar matata a tsakiya. Wayoyin wuta ba su da wuya: shuɗi da shuɗi, baƙi da baƙi. Fara kuwa ta fitila ce, idan ba a amfani da ita a naɗe bakinta da salatif, don in ta taɓa ƙarfe injin ba zai tashi ba, ka yini kana zargin fulogi. A haɗa maɓallin kashewa, a gwada shi kafin komai. Daga ƙarshe a juya feda a ga ko tana bugun inji ko salansa.

Fetur da baƙin mai

Injin Boksa da injin ban-ruwa masu bugu huɗu ne. Suna da wurin zuba baƙin mai daban a gindinsu. Wannan namu mai bugu biyu ne, kamar Tiger: duk hawa da saukar fistin sau ɗaya wuta ta kama sau ɗaya, kuma ba shi da rumbun baƙin mai. Man da zai shafe fistin da ringi da boris a cikin fetur yake shiga. Fetur zalla ko na minti biyar ne yana iya ƙona fistin ya manne a silinda.

Mai janareta yakan zuba baƙin mai da ido, murfi ɗaya ko biyu, Allah ya kiyaye. Mu a ajin nan da awo za mu yi. Lita ɗaya mililita 1,000 ce. Idan an ce 25 da 1, ana nufin kashi 25 na fetur, kashi ɗaya na baƙin mai. Raba 1,000 gida 25, ka samu 40. Ke nan kowace lita tana son mililita 40, galan mai lita huɗu kuma 160. Sabon inji ya fi son mai. Takardar da ke cikin kwali takan ce 16 da 1 a tankunan farko, wato kamar mililita 63 a lita, daga baya a koma 20 da 1, wato 50, ko 25 da 1. Abin awo mafi sauƙi shi ne sabon sirinji mai cin mililita 20 daga kemis, a cire allurar a jefar. Sirinji biyu, lita ɗaya.

Baƙin man a nemi mai alamar 2T a jikin gora, shi aka yi don ya ƙone tare da fetur. Na mota yana barin gawayi a kan fistin da bakin salansa. Wanda aka juye daga wani inji kuwa, ko kyauta ne kada a karɓa. A gauraya a cikin galan a girgiza kafin a zuba a tanki, don idan aka zuba baƙin man kai tsaye sai ya nutse ya toshe famfo. Wanda ya saya a wurin 'yan bumburutu ya ɗaga kwalbar ya duba ta a rana, ya kuma tace da tsumma mai tsabta. Ramin da mai ke bi a kafireta bai kai kaurin tsinken sakace ba, ƙwayar yashi ɗaya ta isa.

Ga ƙura kuma. A bayan kafireta akwai ɗan soso mai tace iska, kuma wanda ke zuwa a kwali sirara ne, ba don hunturunmu aka yi shi ba. A lokacin buji a cire shi duk mako, a wanke, a shanya, a ɗiga masa baƙin mai a matse. Ƙurar da ta wuce shi takan haɗu da mai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa a cikin silinda.

Tayarwa da horarwa

Ba shi da kik. Ka buɗe famfon mai, ka ɗaga cok, ka kama kuloci, ka tuƙa da feda har keken ya ɗauki gudu, sannan ka saki kulocin a hankali kana ci gaba da tuƙi. Zai yi tari sau biyu uku ya kama. Idan ya ɗumama ka sauke cok.

Sabon inji kamar ɗan maraƙin da aka fara sa wa garma ne, ba a kai shi babbar gona ranar farko. A tankuna uku ko huɗu na farko kada ka murɗe totur duka, kada ka wuce kilomita 25 a awa, kuma bayan kamar rabin awa ka tsaya ya huce. Iska ce kaɗai ke sanyaya shi, a Afrilu da Mayu kuwa zafin nan yana haura digiri 40, don haka barinsa yana aiki a tsaye kana hira ba alheri ba ne. Idan za ka sauka doguwar gangara ka kama kuloci. Totur a rufe ƙafa tana jan inji yana nufin fistin na gudu mai ba ya isa gare shi.

Bayan tafiyar farko, idan ya huce, ka bi kowane noti da sifana. Za ka yi mamakin yawan waɗanda suka saki. Ka kwance fulogi ka dubi bakinsa. Idan launinsa kamar shayi da madara ne, lafiya. Baƙi mai danshi, mai ya yi yawa. Fari fat, mai ya yi kaɗan, kuma wannan ya fi haɗari, don injin yana ƙonewa ne a hankali. Ana gyara shi da allurar da ke cikin kafireta: ɗaga ta yana ƙara mai, sauke ta yana ragewa. Gaɓa ɗaya ake matsawa a gwada.

Gudu da tsayawa

Bari mu yi lissafin gudunsa. A cikin injin akwai giya mai rage juyi kusan sau huɗu, faranti mai 44 da ƙarami mai 10 kuma suna ƙara ragewa sau huɗu da 'yan kai. Idan aka haɗa, inji sai ya juya sau 18 kafin taya ta juya sau ɗaya. Inji mai juyi 5,000 a minti zai juya taya kamar sau 277. Taya mai inci 26 tana cin mita biyu da ɗan ɗori a kowane juyi, wato kamar mita 570 a minti, kilomita 34 a awa. Samari sukan nemi faranti mai haƙora 36 don su kai 42. Mutumin da hanyarsa yashi ce da hawa, kuma yana ɗaukar kaya, mai 56 ya fi masa: gudun ya sauka zuwa 27, amma ƙarfin ja ya ƙaru, kuloci kuma ya daɗe.

Ga abin da ya sa nake goyon bayan babban faranti. Nisan da keke ke ci kafin birki ya tsayar da shi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu. Idan gudu ya ninka biyu, nisan ya ninka huɗu. Idan ya ninka uku, tara. Mai tuƙi da ƙafa a kilomita 15 da ya saba tsayawa cikin taku uku, a kilomita 45 sai ya ci kusan taku talatin, da robar birki iri ɗaya, akuyar da ta fito daga lungu kuma ba ta san an sa inji ba. Hannun hagu yanzu yana da aiki biyu, kuloci da birki, don haka a jera su yadda yatsu za su kai ga kowanne, ko a nemi hannun birki guda mai jan waya biyu a sa a dama.

Babbar riga da bakin wando a tattare su, sarƙar hagu ba ta saki idan ta kama. A sa mata murfinta. Yaro ba ya hawa kariya ƙafafunsa na lilo kusa da faranti. Salansa tana ƙona ƙwauri. Ba a tayar da inji a cikin ɗaki, hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji wari mai tayar da hankali ba, haka kuma galan ɗin fetur ba ya kwana kusa da murhu. Kaya kuma a tsaya a abin da keken ya saba ɗauka kafin a sa masa inji, wayoyin ƙafar baya sun riga sun karɓi sabon aiki.

Hukuma

Abin da ke tafiya da inji a kan titi, jami'in hanya ba zai dube shi a matsayin keke zalla ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta wa masu babur sa hular kwano tun 1 ga Janairu, 2009, kai kuwa ƙoƙon kanka bai fi nasu tauri ba. A 2021 gwamnatin jihar Sakkwato ta taƙaita zirga-zirgar babura da dare da sayar da fetur a jarka saboda matsalar tsaro, irin waɗannan dokoki kuma sukan canza daga lokaci zuwa lokaci. Kafin ka hau babban titi ka je ofishin hukumar kiyaye haɗurra mafi kusa da kai ka tambayi abin da ake bukata, ka kuma sanar da mai unguwa idan hanyarka ta daji ce. Babban titin Sakkwato zuwa Jega na tireloli ne, in da wata hanya a bi ta.

Aikin gida

Wani manomi yana zuwa gonarsa mai nisan kilomita 12, ya dawo, kwana shida a mako. Kekensa yana yin kilomita 40 da lita ɗaya. Lita nawa zai sha a mako? Idan yana gauraya 25 da 1, mililita nawa na baƙin mai zai bukata, kuma sirinji nawa ke nan? Ku tambayi kuɗin lita a garinku yau, ku fitar da abin da zai kashe, ku gwada da kuɗin kabu-kabu na wannan tafiya.

Sannan kowa ya duba keken gidansu ko na maƙwabci. Ya manna masa mayen ƙarfe, ya ƙidaya wayoyin ƙafar baya, ya auna filin tsakiya da taƙi, ya matsa birki ya tura ya ga ko zai tafi. A rubuta abubuwan nan huɗu a littafi a zo da su ranar darasi na gaba. Wanda yake da zare da alli ya taho da su, za mu kifa keke ɗaya a tsakar aji.